Baka Biyu

Ƙarfe tara na dare a Puducherry.
Ruwa na dukan rufi, fanka na tari,
ni da shafi na arba'in da ɗaya
na littafin injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa,
wanda wani injiniya a Hamburg ya rubuta
kamar mai gudun kada mota ta bar shi.

Aikina jera lissafi.
Ba ni na ƙago shi ba, ba ni zan hau injin ba.
Nawa dai in zaunar da kowace alama a mazauninta:
ƙaramin biyu a kafaɗar harafi,
kamar yaron da aka saɓa don ya hango taro.

Kathiravan na teburin ƙarshe, jikin taga,
tagar da ba ta ba shi komai sai iska.
Da kunne yake karatu.
Na'ura na zuba masa zance da gudun da
ni ko kalma ɗaya ban tsinta,
shi kuwa har da kurɓar kofi.

Ya zare abin kunne, ya ce, Thenmozhi,
nan ta ce mini "hoto", ta ja baki ta tsuke.
Hoton me? Giwa? Maigidanki?
Na ce lissafin nauyi ne, na manna shi yadda ya zo.
Ya ce, kin miƙo mini tulu, kin liƙe bakin.

Na sake bugawa da hannu, alama bayan alama.
Na'ura ta karanta:
shida a tara da huɗu bisa biyu.
Ya ce nawa ke nan?
Na ce biyar.
Ya ce ni takwas na ji.
Ke kina ganin layin nan
ya shimfiɗu ƙarƙashin shida da huɗu kamar tabarma,
kin san wa ke kai, kin san wa ke gefe.
Ni tabarmar ba ta iso kunnena ba.
Tsakanin biyar da takwas akwai tan uku,
ƙarƙashin tan ukun akwai mutum
da hular kwano, yana ɗaga wa direba hannu.

Na buɗe baka. Na rufe baka.
'Yan ƙusoshi biyu masu lanƙwasa,
ko tawadar kirki ba su ci ba.
Ya saurara. Ya ce biyar.

Daga nan fa ya ƙi barina.
Sifili da harafin O, kamar an tsaga kara,
sai da na raba musu kaya.
Mutumin Hamburg in zai ce biyu da rabi
waƙafi yake sawa, mu ɗigo muka sani.
Wani harafin Girkanci ya faɗo shafi na hamsin
ba sallama, ba wanda ya gabatar da shi,
ya ce a tambaye shi sunansa da sana'arsa
tun kafin ya zauna.
Na ce kai, dare ya yi.
Ya ce dare da rana duk ɗaya ne a wurina, buga.

Sha ɗaya da kwata ya naɗe sandarsa, ya sake warewa,
ya sauka matakala yana ƙirga ta a ransa.
Goma sha bakwai ce. Ni ban taɓa sani ba,
shekara shida ina hawa.

Da asuba na tarar da mahaifiyata a bakin ƙofa,
duƙe, da garin shinkafa a tafin hannu.
Ɗigo take fara sawa, ɗigo, ɗigo,
kafin ta zagaya su da layi.
Na tsaya da jakata ina kallo.
Ba ta ɗago ba, ta ce, matsa,
kin taka mini guda,
yanzu duk sai ya karkace.